Umma Ba Ta Son Sanyi

"Wallahi ba zan sa ta a ƙanƙara ba! Ka ji na rantse!"

Auta ce ta faɗa, ta fizge safar hannunta ta roba ta jefa cikin kwandon shara. Dogo na tsaye a bakin ƙofar ɗakin gwaje-gwaje, ya harɗe hannu a ƙirji, tabaransa ya zamo kan hanci kamar kullum.

"Rantsuwa ba ta cikin karatun nan," ya ce. "Kwalba huɗu gare ki a duniya, Auta. Huɗu! Kuma duk a akwati ɗaya. In wuta ta ɗauke kwana biyu fa? In ƙura ta faɗa ciki fa?"

"Allah zai tsare."

"Allah ya ce tashi in taimake ka."

"Kai dai ka cika baƙin baki..."

"Ba baƙin baki ba ne, hasken idona." Ya tausasa murya. "Tsoro nake ji miki. Digirinki gaba ɗaya yana cikin akwatin nan."

"Ba digirina kaɗai ne a ciki ba, kai ma ka sani."

Ya sani ɗin kuwa.

Auta na shekarar ƙarshe ta digirinta na biyu, a sashen da ake karatun ƙwayoyin halitta, 'yan mitsi-mitsin abubuwan nan da aka gina jikin mutum da su kamar yadda ake gina ɗaki da bulo. Ido ba ya ganinsu sai an sa madubin ƙara girma. Dogo kuwa ma'aikacin ɗakin ne, shi ke kula da na'urori, shi ke koya wa sababbin ɗalibai yadda ake riƙe kwalba. An gama maganar aurensu, saura wata uku.

Aikin yana da doka ɗaya wadda ko ɗalibin da ya zo jiya ya sani. In kana rainon ƙwayoyi, da zarar sun yi yawa sai ka ɗebi wasu ka zuba a 'yar kwalba kamar ɗan yatsa, ka saka cikin tankin sanyi mai fitar da farin hayaƙi. A can za su yi ta barci shekara da shekaru. Ranar da na waje suka mutu sai ka ɗauko ka tashe su, aiki ya ci gaba. Auta ta taya kowa daskarar da nasa, amma nata ta ƙi.

Wata takwas da suka wuce aka yi wa Ummansu aiki a asibiti, aka yanke ƙullun sankara daga nononta na hagu. Ciwon nan shi ya kashe mahaifiyar Umma, shi ya kashe ƙanwarta. Ranar da za a shiga da ita, Auta ta durƙusa gefen gado ta yi mata bayani a hankali. Ta ce in aka ba ta ɗan gutsure daga abin da za a yanke, za ta raine shi, ta binciko inda rubutun gādo da ke cikin ƙwayar ya ɓaci, ta gwada magunguna a kansa.

Umma ta yi dariya har da tari.

"Au, mugun abu ma raino ake yi masa? To ɗauka, 'yar nan. Abin da ya cinye ni, in zai hana shi cin 'yar wani, ai ba a yi asara ba. Kawo takardar in dangwala."

Ta dangwala yatsa a gaban likita da Farfesa, matar da ke duba aikin Auta. Sannan ta kama hannun 'yarta ta matse.

"Sai dai kar ki gaya wa yayanki. Kin san shi, zuciya a kusa kamar ashana."

Wata biyar bayan nan Umma ta rasu. A kwanakinta na ƙarshe ba ta kukan zafin ciwo, sanyi kawai take kuka. Ana zufa a gari, ita tana cikin bargo biyu da safa. Maganarta ta ƙarshe ga Auta ita ce, "Rufe ni, 'yar nan, sanyi nake ji."

Ƙwayoyin kuwa ba su mutu ba. Suna nan manne a gindin kwalabe huɗu, cikin akwatin ɗumi da aka saita daidai ɗumin jikin mutum. Duk bayan kwana biyu sai a canza musu jan ruwan da suke ci. In sun ƙoshi ruwan ja ne, in yunwa ta kama su sai ya koma ruwan ɗorawa. Ba su san Asabar ba, ba su san Lahadi ba. Kullum Auta ta buɗe akwatin sai ta sunkuya ta ce, "Umma, kin tashi lafiya?"

"Auta," in ji Dogo a hankali, "ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Wannan ba Umma ba ce. Ciwon Umma ne. Abin da ya kashe ta kike gaisarwa."

Ta juyo kamar an watsa mata ruwan zafi, ta kai masa duka a ƙirji da hannu biyu.

"Ciwon ma ai daga jikinta ya fito! Shi kaɗai ya rage min mai motsi! Ka ce in ɗauke ta in jefa a inda ko yatsa ka sa sai ya ƙone don sanyi? Matar da ta mutu tana cewa a rufe ta?"

Kuka ya ƙwace mata. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya miƙa mata hankici.

"To na ji, na bari. Ni dai ranar aure in aka neme ki aka ce kin tafi ciyar da surukata, da kwalaben za a ɗaura."

Ta yi dariya cikin hawaye. "Mugu kawai..."

"Naki ne dai, ba yadda za ki yi."

Ranar Litinin ke nan.

Yayan Auta mai walda ne, shagonsa na ƙofar gidansu. Shi ya riƙe gidan tun rasuwar babansu, lokacin Auta na shekara bakwai. Hannunsa duk tabon wuta ne. Shi ke kai ta makaranta a bayan keke, shi kuma ke zane ta in ta makara. Sonsa da dukansa ta hannu ɗaya suke fitowa. Tun da Umma ta tafi ya daina cin abin kirki, ya rame, idonsa ya faɗa.

Ranar Laraba da la'asar Auta ta dawo ta same shi zaune a ƙasa a ɗakin Umma, ya riƙe safarta ɗaya, hawaye na bin gemunsa ba sauti. Ba ta taɓa ganin Yaya yana kuka ba, ko ranar da aka fita da gawa. Tausayi ya rufe mata ido har ta mance gargaɗin Umma.

"Yaya..." Ta durƙusa kusa da shi ta ciro waya. "Bari in nuna maka wani abu, ko ka ji sanyi a ranka."

Ta buɗe hoton da ta ɗauka ta cikin madubi. Wasu 'yan abubuwa ne masu haske kamar ganyen da aka watsa a kan ruwa, ɗaya na rabuwa biyu.

"Mene ne wannan?"

"Ƙwayoyin jikin Umma ne, Yaya. Daga abin da aka yanke mata. Suna nan da rai, ni nake rainonsu. Ka ga har girma suke..."

Ya daɗe yana kallon wayar. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa ya yi jajir.

"Maimaita."

"Ita ta yarda, wallahi! Ta dangwala hannu a gaban likita..."

"Mara lafiya a kan gadon asibiti! Kuka taru kuka yaudare ta!"

"Ba haka ba ne, Yaya, ka tsaya ka ji..."

Marin da ya ɗauke ta da shi sai da kanta ya bugi ƙafar gado. Kafin ta tashi ya maka wayar da bango, ta tarwatse.

"Ni na ɗauke ta a kafaɗata! Ni na shiga ramin na kwantar da ita da hannuna, na ce na sauke nauyi! Ashe ban gama ba? Ashe uwata na can cikin kwalba, ƙartin banza na leƙen jikinta ta madubi?"

Ya zare bel. Ta dunƙule a lungu tana kare fuska, bel na sauka a bayanta, a cinyarta, a wuyanta, ƙarfen kansa ya tsaga mata kunne. Matarsa ta shigo da gudu ta riƙe masa hannu.

"Baban Ummi, za ka kashe ta! Don girman Allah!"

Ya hankaɗe ta ta bugi ƙofa ta zube. 'Yarsu Ummi, mai sunan marigayiyar, ta tsaya a tsakar gida tana ihu kamar za ta shiɗe. Ihun yarinyar ne ya tsayar da shi. Ya tsaya yana haki.

"Karatun ke nan? Da na san abin da za ki koyo ke nan, da a shago na ajiye ki kina miƙa min ƙarfe. Ba ke ba makarantar nan har abada!"

Ya ja ƙofa, ya datse ta da kwaɗon shago.

Alhamis ta zo ta wuce. Auta na kwance rub da ciki don bayanta ba ya taɓuwa. Matar Yaya na miƙo mata abinci ta taga, ko kallonsa ba ta yi. Lissafi ɗaya ne a kanta, ranar ce ranar canjin ruwa. Ta rufe ido ta ga jan ruwan na komawa ruwan ɗorawa, ta ji kamar Umma ce ke kiranta daga wani ɗaki ta kasa zuwa.

Ranar Juma'a da yamma ta ji sallamar Dogo. Ta ja jiki ta kama ƙarfen taga. Ƙofar gidan a buɗe take, tana hango bakin shago, ga Dogo nan tsaye da farar riga, ya ɗan rusuna.

"Yaya, ina wuni..."

"Wa ya haife ni da kai?"

"Kwana biyu ban ga Auta ba, wayarta ba ta shiga, na ce ko lafiya..."

"Da kai aka yi, ko?"

"In maganar ƙwayoyin nan ce, Yaya, ka ba ni minti biyar in yi maka bayani. Babu wulaƙanci a ciki, wallahi. Ciwon nan bin jini yake. Ko don Ummi..."

"Kar ka sake ka kama sunan 'yata!"

Naushin ya same shi a ido, tabarau ya yi tsalle ya faɗi a kan kwalta. Dogo ya yi baya ya faɗa kan tarin ƙarafa. Yaya ya bi shi, ya shaƙo wuyan rigarsa ya ɗaga ya sake nausa, ya sake. Jini ya ɓalle daga hancinsa ya wanke farar rigar. Dogo ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba, amma ko yatsa bai ɗaga ba.

"Yaya, ka bari!" Auta na jijjiga ƙarfen taga. "Ni na yi laifi! Ni ce! Ka zo ka kashe ni!"

Dogo ya ji muryarta. Ya ɗago fuska duk jini yana laluben inda take.

"Auta! Kar ki damu, na ba su abinci jiya! Ruwan ja ne! Kuma akwai wata magana da..."

Haurin da Yaya ya kai masa a ciki ya yanke maganar.

"Au, kai ne ma mai ciyarwar? Kai ke buɗe uwata?"

Sai da maƙwabta huɗu suka taru suka ɓamɓare shi. Dogo ya tashi da rarrafe, ya lalubo tabaransa da ya karye, ya tafi yana dafa bango. Yaya ya bi shi da magana: "Aure kuma ka nema a wani gidan! In na sake ganin ƙafarka a nan sai na cire ta!"

Da hantsin Asabar aka buɗe kwaɗo. Yaya ya yi wanka ya sa kaya masu tsabta. A hammatarsa akwai sabon farin ƙyalle, an naɗe wani dogon abu a ciki.

"Tashi. Za mu je mu ɗauko ta in kai ta makwancinta."

"Yaya, don Allah... wata biyu kawai ya rage in gama. In na gama da hannuna zan ba ka."

"Ko kwana ɗaya ba za ta ƙara ba."

"Mene ne a cikin ƙyallen?"

"In ƙofa ta ƙi buɗuwa."

Ya tasa ta gaba har makaranta. Ranar hutu ce, ba kowa sai mai gadi, shi kuwa ya saba ganinta Asabar da Lahadi, ya ɗaga mata hannu kawai. Duk tsawon barandar tana addu'a ɗaya, Allah ya sa Dogo na gida yana jinya. Amma ta san abin da ta sani. Wanda aka ciyar Alhamis, Asabar yake jira.

Yana nan kuwa. Idonsa ɗaya ya kumbura ya rufe, ya ɗaure tabaransa da salatif, ya sa safar hannu. Ya gama canza ruwan ke nan, yana mayar da kwalba ta huɗu cikin akwatin ɗumi. Da ya gan su sai ya rufe ƙofar gilashin a hankali, ya juya ya jingina bayansa da ita.

"Matsa," in ji Yaya.

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Amana ce Umma ta bari."

"Na ce matsa!"

"Ka doke ni jiya ban ce komai ba. Ka ƙara yau, ba zan rama ba. Amma ba zan matsa ba."

Yaya ya warware ƙyallen. Rodi ne, mai kaurin babban yatsa, tsawon hannu.

Ya fara da teburin kusa. Kwalaben gwaji da ke kansa suka tarwatse, ruwan sifirit na goge kayan aiki ya malale, warin ya cika ɗakin. Ya maka wa madubin ƙara girma, wuyansa ya karye ya faɗo. Auta ta rungume ƙafarsa tana kuka.

"Yaya, na tuba! Zan ba ka! Dogo, matsa, ka ba shi! Na haƙura da digirin, na haƙura!"

"Ba ki haƙura ba, Auta, tsoro ne," in ji Dogo. Ƙafarsa ba ta gusa ba.

Yaya ya shure ta, ta faɗa kan fasassun kwalabe, tafin hannunta ya tsage. Ya ɗaga rodin da hannu biyu ya auna gilashin da ke saman kafaɗar Dogo. Gilashin ya nufa, wannan ko a gaban alƙali an yarda. Amma Dogo ya ga inda ƙarfen zai sauka, sai ya karkata ya tare.

Ƙarar ba ta da yawa. Kamar an fasa ƙwarya a cikin zane.

Dogo ya tsaya kamar mai tunani. Sai gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya yi baya, nauyinsa ya fasa ƙofar gilashin, ya jawo farantin da kwalaben ke kai. Duk huɗun suka zubo ƙasa. Jan ruwan ya bi siminti ya haɗu da jinin da ke fita daga gefen kansa, har ba a gane wanne ne wanne.

"Dogo! Dogo!! Wayyo Allah na!"

Ta rarrafa ta ɗora kansa a cinyarta, tana toshe wurin da hannunta mai jini. Rodi ya suɓuce daga hannun Yaya ya yi ƙara a ƙasa. Ya dubi kwalaben, ya dubi mutumin da ke kwance.

"Ka tsaya kallo? Ka ɗauke shi! Yaya, ka ɗauke shi!"

Ya sunkuya ya saɓa shi a kafaɗa, kafaɗar da ya ɗauki Umma da ita, ya fita da gudu. Ƙafafun Dogo na jan ƙasa don tsawo. Da ya ajiye shi a asibiti bai ko wanke hannu ba, ya wuce ofishin 'yan sanda ya zauna a benci ya ce a rufe shi.

Kwana biyu Dogo bai san inda yake ba. Tsohuwarsa na gefe ɗaya na gado, Auta na ɗaya gefen, ba mai iya kallon wata. Ranar Litinin da safe ya buɗe idonsa mai lafiya.

"Hasken... idona..."

"Ga ni, masoyi. Ga ni nan."

"Ruwan... ja ne?"

Ta haɗiye kuka. "Ja ne. Jajir."

Ya yi ɗan murmushi. "Tanki..."

"Yi shiru, kar ka wahalar da kanka. Ka yi gaskiya, da na ji maganarka. Yi shiru."

"Kar ki... yi fushi..."

Ta ɗauka Yaya yake roƙar wa. Ta ce ba za ta yi ba, don kawai ya huta. Kafin azahar ya cika. Tsohuwarsa ta shafa masa ido, ta dubi Auta karon farko ta ce, "Ya ce min ke ce za ki riƙa yi min kitso."

Sati shida Auta ba ta taka makaranta ba. Ba Umma, ba Dogo, ba digiri, Yaya na tsare yana jiran shari'a. Shagon walda a rufe, gidan kamar an yi shara. Sai ga Farfesa da kanta a ƙofar ɗaki, da wani baƙin littafi a hannu.

"Tashi zaune, 'yata. Littafin tanki ne. Jiya muke duba abin da ke ciki, muka ga wannan."

Ta buɗe shafin ƙarshe. Rubutunsa ne, dogaye kamar shi, masu karkata hagu. Ranar Alhamis ɗin nan ce da take kulle. Ya rubuta: akwati na uku, layi na biyu, kwalba ɗaya. A gefe kuma, inda ake rubuta bayani, ya ƙara da ƙananan baƙaƙe: "Na Auta ne. Na ɗiba ba da saninta ba. Za ta yi fushi, zan ba ta haƙuri."

Auta ta karanta sau uku. Ta kifa fuska a kan shafin ta yi kukan da ko ranar mutuwarsa ba ta yi ba.

"Ɗaya ce tak," in ji Farfesa. "Tana iya tashi, tana iya ƙi. Ban bari kowa ya taɓa ba. Hannunki take jira."

Washegari ta je. An gyara ɗakin, an sa sabon gilashi, amma akwai wani wuri a siminti da ya fi sauran haske don yawan gogewa. Ta kewaye shi. Ta sa safa mai kauri, ta buɗe tanki, farin hayaƙi ya taso ya rufe mata fuska. Akwati na uku, layi na biyu. 'Yar kwalba kamar ɗan yatsa, da rubutunsa a jiki.

Ta tsoma ta cikin ruwan ɗumi tana juyawa a hankali har ƙanƙarar ta narke. Ta zuba cikin sabon jan ruwa, ta sa a akwatin ɗumi, ta rufe. Ba abin da ya rage sai jira.

Da sassafe ta dawo. Farfesa ta riƙe mata kwalbar a ƙarƙashin madubi. Da farko ba ta ga komai ba sai matattu suna yawo a saman ruwa. Ta matsa gefe. Ta ƙara matsawa. Can a lungu ta gan su, ba su fi ashirin ba, sun manne a gindin kwalba sun miƙe ƙafafu. Ɗaya ta dunƙule tana shirin rabuwa biyu.

Ta buɗe baki za ta ce Umma kin tashi lafiya, sai ta ji bakinta ya ce, "Dogo... sun tashi."

Ta je wurin Yaya sau ɗaya kafin a yanke masa hukunci. Ya tsufa a wata biyu. Ya riƙe ƙarfen da ke tsakaninsu, irin wanda ya sha haɗa wa mutane a tagoginsu.

"Auta... ki yafe min."

"Dukana na yafe, Yaya. Na Dogo ba nawa ba ne, na tsohuwarsa ne."

Ya sunkuyar da kai. "Abin nan... an binne?"

"An tattara na ƙasa a cikin farin ƙyallenka, an kai."

Gaskiya ta faɗa, haka aka yi. Sauran kuwa ta riƙe a cikinta. Wannan karon ta ji maganar Umma.

Cikin sati uku kwalba ɗaya ta zama huɗu. Ranar da suka cika, Auta ta zo da wuri. Ta ciro karyayyen tabarau mai salatif daga jakarta ta ajiye a gefen tebur, inda yake ajiyewa in zai wanke fuska. Ta jera 'yan kwalabe goma, ta rubuta wa kowace lamba, ta cika su ɗaya bayan ɗaya yadda ya koya mata, ba gaggawa. Suka kwana suna yin sanyi a hankali, washegari ta kai su bakin tanki.

Hayaƙin ya taso. Ta tsaya da ɗan akwatin da ta jera su ciki a hannu, hawaye na ɗiga a kan safarta.

"Umma, ki yi haƙuri da sanyin nan," ta ce. "Da na sa ki tun farko, da Dogo ya matsa ranar nan."

Ta saukar da akwatin a hankali, ta rufe tankin. Sannan ta jawo baƙin littafin, ta rubuta nata layin a ƙarƙashin nasa.